Gaskiya ko Jita-jita: Shin Duk Dutse Dutse Ne?

Masana ilimin ƙasa sun kasa duwatsu gida uku bisa yadda suka samu. Biyu daga ciki ne suka fi shafar rayuwarmu. Na farko shi ne dutsen wuta, wanda ya narke a cikin ƙasa sannan ya huce ya daskare. Na biyu kuma dutsen kwantai, wato yashi da laka da ɓawon halittun ruwa da suka kwanta hawa-hawa har suka danne juna suka ƙanƙare. Ga abin da ake yawan faɗa a kansu.

"Dutsen wuta sai inda dutse ya taɓa aman wuta." Jita-jita. Da yawansa bai taɓa fitowa fili yana narke ba. Can ƙarƙashin ƙasa ya huce sannu a hankali, shi ya sa ƙwayoyinsa suke manya, ido na ganinsu. Kufena na Zariya da dutsen Zuma haka suka samu, sai daga baya zaizaya ta yaye ƙasar da ta rufe su. Wanda ya malalo waje kuwa, kamar baƙin dutsen tudun Biu, da sauri ya huce, ƙwayoyinsa ƙanana.

"Teku ya taɓa rufe ƙasar Sakkwato." Gaskiya. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce ruwan teku ya kwanta a yankin. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Kalambaina daga ragowar halittun wannan teku ya samu, kuma an tono ƙasusuwan kifaye da kadoji a kewayen Wurno da Dange. Irin wannan shaida sai a dutsen kwantai, domin zafin narkakken dutse ba ya barin ƙashi.

"Inda manyan duwatsu suke, nan fetur yake." Jita-jita. Fetur da kwal daga matattun halittu da tsirrai suke, don haka a dutsen kwantai ake neman su: an samu fetur a Oloibiri a 1956, haka kuma a Agadem a Nijar, kwal kuma a Inugu. Dutsen wuta da tasa dukiyar daban: kuzar Jos daga jikinsa ta fito.

"In dai an zurfafa, ko'ina akwai ruwa." Jita-jita ce, kuma ta cinye kuɗin mutane da yawa. Dutsen yashi yana da ƙananan kafofi tsakanin ƙwayoyinsa, yana riƙe ruwa kamar soso, shi ya sa burtsatse ke yawan dacewa a yankin Tafkin Chadi. Dutsen wuta kuwa a toshe yake. Ruwansa yana cikin tsagogi ne da ruɓaɓɓen ɓangarensa na sama. A Zariya ko kudancin Kano, maƙwabcinka zai iya samun ruwa kai ka rasa, don shi ya faɗa kan tsaga. In an wuce tsagogin an shiga lafiyayyen dutse, ƙarin zurfi ƙarin asara ne kawai.

Saboda haka duk mai niyyar haƙa rijiyar burtsatse, ko unguwar da ta yi karo-karo don haka, su fara kiran masani ya auna ƙasar ya nuna gurbi kafin motar haƙa ta zo. Kuɗin awon bai kai na rami ɗaya da ya fito a bushe ba.