Sirrin Dutsen Guga Yana Ƙasansa

Jan tabo a farar rigar makaranta ranar Litinin da safe, yawanci aikin tsatsa ne. A Rogo, kamar sauran garuruwanmu da wuta ba ta zama, dutsen guga na gawayi ne abin dogaro, kuma galibinsa baƙin ƙarfe ne. Yana riƙe zafi, amma idan damina ta kankama, danshi da iskar oksijin sukan ci ƙarfen, tsatsa ta fito. Shi ya sa masu wanki da guga suke goga masa kyandir: yana tare danshi, yana ƙara santsi.

Masu ƙera na lantarki kuwa zaɓi suke yi, kowanne da ribarsa da aibinsa. Alminiyam yana watsa zafi da sauri, sai dai yana da taushi, zif ma yakan karce shi. Ƙarfe mara tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Ingila a 1913, yana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100, mai yi masa siririn rufi da ke hana tsatsa. Shafin Teflon, da Roy Plunkett ya gano a Amurka a 1938, sitati ba ya manne masa, amma yakan ɓare idan aka kankare shi.

Don haka idan an aike ku saye, ku juya dutsen ku shafa ƙasansa. A gida kuma, kada ku kankare shi da wuƙa, ku ajiye shi inda babu laima.