Ƙarar faifai da kullen yanki: Abin da ya kamata masu tsofaffin na'urorin gem su sani kafin su kwance noti

A ranar 4 ga Maris, 2000 kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 2 a Japan, kuma kafin a daina ƙera ta a farkon 2013 an sayar da fiye da miliyan 150 a faɗin duniya. Da yawa daga cikin ma'aikatan da ke ofisoshin Abuja a yau da ita suka yi ƙuruciya, a gidajen gem na unguwa inda ake biyan kuɗi a buga wasan ƙwallo. Wasunsu na sake neman ta yanzu, ko dai 'yar gwanjo daga kasuwa, ko tsaraba daga tafiyar aiki zuwa ƙasar waje.

Matsaloli biyu ne suka fi tarar mai irin wannan na'ura: ta kama ƙara idan an saka mata faifai, ko ta ƙi karɓar faifan da aka sayo a wata ƙasa. A ido duka biyun abu ɗaya ne, faifai yana ciki amma wasa bai tashi ba, sai dai musabbabinsu ya sha bamban, kuma maganin ɗaya na iya zama ajalin na'urar idan aka yi wa ɗayar. Tun 2018 Sony ya rufe sashen gyaran PS2 a Japan, don haka wanda ya ƙona idon da ke karanta faifai sai dai ya nemi na kasuwa ko na wata tsohuwar na'ura.

Ba kowace ƙara ce cuta ba

Akwai na'urorin da dama can haka aka ƙera su. Dreamcast ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1998 aka daina yin ta a 2001, ta yi suna wajen gurnani duk lokacin da idonta ke kai-komo a ƙarƙashin faifai, ko da sabuwa ce fil. Ita kuwa PS2 faifai iri biyu take ɗauka: mai shuɗin ƙasa, wanda CD ne, da mai ruwan azurfa, wanda DVD ne. Na'urar tana juya mai shuɗin da sauri sosai, shi ya sa yake yin huci kamar fanka. Wannan ba alamar lalacewa ba ce.

Ƙarar da ke buƙatar kulawa iri uku ce. Ta farko ita ce ƙas-ƙas da ke maimaituwa jim kaɗan bayan saka faifai, wadda ke nuna cewa ido yana hawa da sauka yana neman daidaita haskensa bai samu ba. Ƙura a kan gilashin ido ko raunin hasken leza ne ke kawo ta. Ta biyu ita ce ƙarar gurzawa yayin da ido ke tafiya, kuma galibi giris ɗin sandunan da yake zamewa a kansu ne ya bushe, ko haƙoran robar da ke tura shi suka cinye. Ta uku, wadda ta fi haɗari, ita ce ƙarar karta. A siririyar PS2 da ta fito a 2004, lallausar wayar da ke haɗe da ido takan ɗago idan gam ɗinta ya saki, ta riƙa gogar faifai tana bar masa zane mai da'ira. Wanda ya ga irin wannan zane ya kamata ya cire faifan nan take, domin kowane juyi ƙarin ɓarna ne.

Tsofaffin 'yan gem na tuna yadda ake kifa PlayStation ta farko ta kalli ƙasa kafin ta karanta. Dalilin shi ne, a samfuran farko da roba aka yi shimfiɗar da ido ke tafiya a kanta, kuma tana kusa da sashen wuta mai zafi. Idan ta cinye sai ido ya karkace, kifawar kuma ta maido da shi kan layi na ɗan lokaci.

Gwaji kafin gyara

Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar sukudireba. Faifan waƙa na CD ba shi da kullen yanki, saboda haka idan na'ura ta kunna shi ba gardama, idon yana da sauran rai a ɓangaren CD. Daga nan sai a gwada wasan DVD mai tsabta wanda aka tabbatar na yankin na'urar ne. Idan ta karanta waɗannan amma ta gaza a kan God of War ko Gran Turismo 4, waɗanda faifansu mai hawa biyu ne, to ido ya fara rauni, domin irin wannan faifai ya fi wahalar karantawa.

Matakin farko na gyara shi ne tsafta, musamman a inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Ana cire na'ura daga wuta, a ɗiga sinadarin isopropyl kaɗan a kan tsinken goge kunne, a shafa gilashin ido a hankali ba tare da dannawa ba. Sandunan kuma a goge tsohon giris, a saka sabo kaɗan wanda ba ya cin roba. Man inji ko man gyaɗa ƙura kawai suke tarawa.

Abin da ya fi kashe ido shi ne murɗa ɗan ƙaramin notin da ke ƙara wa leza wuta. Na'ura takan farfaɗo ta yi karatu, mai ita ya yi murna, amma ƙarin wutar yana gaggauta mutuwar idon. Mai gyaran da ya san aikinsa sai ya gama duk sauran matakai kafin ya taɓa shi, kuma da mita yake aunawa, ya rubuta adadin farko kafin ya canza komai.

Faifan wata ƙasa

Sony ya raba kasuwarsa gida uku: NTSC-J ta Japan da wasu ƙasashen Asiya, NTSC-U/C ta Amurka da Kanada, sai PAL ta Turai da Ostareliya. Na'urar kowane yanki tana duba alamar da ke jikin faifai kafin ta bari wasa ya tashi. Ana gane yankin na'ura daga adadin ƙarshe na lambar SCPH da ke bayanta: 0 na Japan ne, 1 na Amurka, 3 na Birtaniya, 4 na sauran Turai. Don haka wanda ya sayo Winning Eleven na Konami a Tokyo ya saka a na'urar Birtaniya, galibi jan allo zai gani, alhali lafiyarta ƙalau. Takwaransa na Turai shi ne Pro Evolution Soccer.

Tsohuwar dabarar nan ta zare faifai yana juyawa a musanya shi da wani tana cin injin da ke juya faifai, tana kuma karce faifan. Masu wasa da yawa sun koma ga manhajojin da ake ɗorawa a katin memori, irin su Free McBoot, waɗanda ke ba da damar loda wasa daga ma'ajiyar bayanai, ido ya huta. Sai dai ba sa aiki a wasu samfuran ƙarshe, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta yi tanadi a kan keta kariyar fasaha da aka yi wa ayyukan masu haƙƙi. Hanyar da ba ta da ƙura ita ce mallakar na'urar yankin da faifan ya fito.

Wuta da talabijin

Na'urar waje tana da nata sharuɗɗan. Japan na amfani da bolt 100, Amurka 120, Najeriya kuwa 230. Babbar PS2 ta Japan ko Amurka idan aka jona ta kai-tsaye a soket ɗin gida, sashen wutarta na iya ƙonewa nan take. Dole a karanta takardar da ke manne a bayanta ko a jikin adaftarta, idan ba ta ɗauki 230 ba a haɗa ta da ƙaramin taransfoma mai rage ƙarfin wuta.

Talabijin ma na da tasa rawar. Najeriya a tsarin PAL take, kuma tsohon talabijin da bai san NTSC ba zai nuna hoto baƙi da fari ko mai birgima. Wayar da ke raba launuka, mai kawuna ja da kore da shuɗi, takan warware wannan a talabijin na zamani. Akwai kuma dalilin da ya sa wasu ke dagewa sai faifan Japan ko Amurka: NTSC na sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, PAL sau 50, kuma wasannin da ba a gyara su da kyau ba kafin kai su Turai suna tafiya da jinkirin kusan kashi 17 cikin 100, da baƙin layi sama da ƙasa.

Ga mai shirin saye, a Abuja ne ko a ƙasar waje, kyakkyawan tanadi shi ne ya je da faifansa guda uku, na waƙa da mai shuɗin ƙasa da mai hawa biyu, ya duba lambar SCPH da ƙarfin wuta, sannan ya saurari na'urar tana aiki na 'yan mintuna kafin ya biya.