Ciwon Asma: Mu Riƙa Ƙirga Kwanakin, Kada Mu Tsaya Kan "Da Sauƙi"

'Yan'uwa manoma, ba ma auna amfanin gona da ido. Muna ƙirga dammuna, muna aunawa da mudu. Amma in an tambayi mai asma jikinsa, sai ya ce, "Da sauƙi," ko da bai runtsa ba daren jiya. Wannan amsa ta ladabi ce, amma ba ta taimakon likita.

Asma ba tarin fuka ba ce, ba kuwa a ɗaukar ta daga wani. Hanyoyin numfashi ne ke kumbura su tsuke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da ita, ta kuma kashe 455,000. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin shiƙa da hayaƙin itace sukan tayar da ita. Shi ya sa lokacin kaka ya fi nauyi gare mu, haka ga mazauna lungunan cikin birnin Kano da masu sana'a a Kasuwar Kurmi.

A Asibitin Murtala Muhammad da ke Ƙofar Mata jama'a na da yawa, lokacin likita kaɗan ne. Sai mu tafi da amsar tambayoyi huɗu, na mako 4 da suka wuce:

1. Ciwon ya tashi da rana fiye da sau 2 a mako?
2. Ya tashe mu daga barci?
3. Mun shaƙi maganin gaggawa fiye da sau 2 a mako?
4. Ya hana mu aiki?

In duka "a'a" ne, an shawo kan ciwon. "I" ɗaya ko biyu, da saura. Uku ko huɗu, ciwon ya fi ƙarfin maganin, sai likita ya sake dubawa. Maganin kariya kuwa ba a barinsa don an ji dama.

Wanda bai iya rubutu ba, ya jefa tsakuwa a ƙoƙo duk ranar da ciwon ya tashi, ko ya ja layi da gawayi a bango. Sakataren ƙungiya ya rubuta masa. Mu kuma ɗauke masa shiƙa da sharar rumbu, mu ba shi wani aikin.

In numfashi ya hana mutum ƙarasa magana, ko maganin shaƙa bai yi aiki ba, babu sauran ƙirga. A kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Bari shugabannin ƙungiyoyi da zumuntar mata su karanta wannan bayan sujada. Ubangiji ya ba mu lafiya.