Karyewar Haske da Madubai Masu Lanƙwasa: Koyar da Darussan Biyu a Kan Tushe Ɗaya

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan ilmin fizikis da ake koyarwa a manyan azuzuwan sakandare akwai guda biyu da littattafai suka saba rabawa, kowanne da babinsa, watau karyewar haske da kuma aikin madubai masu lanƙwasa. Sau da yawa ɗalibi yakan haddace dokokin kowane babi, ya warware lissafi a takarda daidai, amma idan aka miƙa masa cokali aka tambaye shi dalilin da ya sa fuskarsa ta juye a ciki, sai ya yi shiru. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa darussan biyu suna tsaye ne a kan tushe ɗaya, wanda in ɗalibi ya riƙe shi sauran bayani zai zo masa da sauƙi. Tushen kuwa shi ne: ido ba ya sanin hanyar da haske ya biyo kafin ya iso gare shi. Kullum ɗauka yake yi hasken ya zo a miƙe, saboda haka yana ajiye abin da ya gani a can inda miƙaƙƙen layin ya nuna.

2.0 Kalmomin da Za a Yi Amfani da Su

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita kalmomi. Siririn layin da haske yake bi za mu kira shi zaren haske. Layin da ake ja ya tsaya cak a kan fuskar ruwa ko gilashi ko madubi, a daidai inda zaren ya sauka, shi ne layin tsaye, kuma daga gare shi ake auna kowace kusurwa. Abin da ido yake gani a cikin madubi ko ruwa shi ne hoto, kuma iri biyu ne. Hoton gaske shi ne wanda zaruruwan haske suke taruwa a wurinsa da gaske, har ana iya tare shi da farar takarda. Hoton zato kuwa shi ne wanda zaruruwan ba su taɓa zuwa wurinsa ba, ido ne kawai ya bi sawunsu baya ya zaci daga can suka fito.

3.0 Karyewar Haske

3.1 Dalili da Doka

Haske yana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya a sararin da babu kome, kuma gudunsa a cikin iska bai kasa haka ba sai da ɗan kaɗan. A cikin ruwa gudun yakan sauko zuwa kimanin kilomita 225,000, a cikin gilashi kuwa kimanin 200,000. Idan aka raba gudun farko da gudun haske a cikin wani abu, adadin da ya fito shi ne ma'aunin karyewa na abin nan. Na ruwa 1.33 ne, na gilashin da aka saba gani kimanin 1.5, na lu'ulu'u kuma 2.42.

Wannan sauyin gudu shi ne yake karya zaren haske. Alal misali, a dubi kurar mai sayar da ruwa, mai ƙafa biyu, idan ta bar kwalta ta shiga rairayi a karkace. Ƙafar da ta fara shiga rairayin za ta rage gudu, alhali ɗayar tana kan kwalta tukuna, don haka kurar za ta juya wajen ƙafar da ta fara nutsewa. In kuwa ta shiga rairayin kai tsaye, ƙafafun biyu za su rage gudu tare, ba za ta karkata ba. Haka haske yake. Idan ya shiga ruwa daga iska a karkace yakan karyo zuwa wajen layin tsaye, idan kuma ya fito daga ruwa zuwa iska yakan nisanci layin.

An daɗe ana neman dokar wannan karyewa. Baɗlimus, wanda ya zauna a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na 2, ya auna kusurwoyin ya jera su a jadawali, amma bai kai ga dokar ba. Ibnu Sahal ya bayyana ta da zane a Bagadaza wajen shekarar 984, a cikin littafinsa kan madubai da gilasai masu ƙona abu. Willebrord Snell ya sake gano ta a Holan a 1621, René Descartes kuma ya buga ta a 1637. Dokar ta ce: idan haske ya shiga wani abu daga iska, aka raba sayin na kusurwar shiga da sayin na kusurwar karyewa, adadin da zai fito ba ya sakewa, kuma shi ne ma'aunin karyewa. Zaren da ya sauka a kan ruwa da digiri 30 zai ci gaba a ciki da kimanin digiri 22, wanda ya sauka da digiri 60 kuwa zai ci gaba da kimanin 41. A lura, an ninka kusurwar shiga amma ta ciki ba ta kai ninki ba, wannan ne ya sa dokar take buƙatar sayin. Sai a 1850 Léon Foucault ya tabbatar da gwaji a Faransa cewa lalle haske ya fi saurin tafiya a iska bisa ga ruwa.

3.2 Zurfin Zato

A sanya kwabo a cikin kwano, ɗalibi ya ja da baya har bakin kwanon ya ɓoye masa kwabon, sannan wani ya zuba ruwa a hankali. Kwabon zai bayyana ba tare da ya motsa ba. Tsohon gwaji ne, domin Baɗlimus ma ya ambace shi. Abin da ya faru shi ne zaren da ya taso daga kwabon ya karye a fuskar ruwa ya kwanto zuwa ga ido, ido kuwa ya bi shi baya a miƙe, ya ajiye kwabon a sama da inda yake. Wannan hoton zato ne.

Idan ana duban ruwa daga sama kai tsaye, zurfin da ido yake gani shi ne zurfin gaske a raba da 1.33, watau kimanin kashi uku cikin huɗu. Ruwa mai zurfin mita ɗaya zai yi kama da mai santimita 75, in kuwa daga gefe ake hangensa a karkace, zai ƙara zama kamar marar zurfi. Masuncin da yake sukar kifi da mashi ya san dole ya auna ƙasa da inda yake ganin kifin. Yaron da yake tsaye a bakin rafi mai ruwa garai-garai bai san haka ba, yana ganin ƙasan ruwan kusa, sai ya taka inda ya fi ƙarfin tsayinsa. Ya kamata malami ya faɗi wannan a fili a cikin aji.

3.3 Komawar Haske Ciki, da Kawalwalniya

Tun da zaren da yake fita daga ruwa nisantar layin tsaye yake yi, akwai kusurwar da in aka kai ta zaren zai kwanta a kan fuskar ruwan, in aka wuce ta kuwa ba zai fita ba sam, sai ya koma ciki gaba ɗaya. Wannan ita ce kusurwar iyaka. Ta ruwa kimanin digiri 49 ce, ta gilashi 42, ta lu'ulu'u 24. A kan wannan ƙa'ida aka gina zaruruwan gilashi masu ɗauke da saƙonnin intanet a ƙarƙashin teku, domin hasken da ya shiga ɗaya bakin ba ya samun mafita sai a ɗaya bakin. Charles Kao, wanda aikinsa na 1966 ya buɗe wannan hanya, ya sami lambar Nobel a 2009.

Kawalwalniyar da matafiyi yake hange a kan kwalta da tsakar rana a lokacin bazara ita ma daga karyewar haske take. Iskar da take dab da kwalta ta fi ta sama zafi, ma'aunin karyewarta kuma ya fi ƙanƙanta. Hasken da ya gangaro daga sama a kwance yakan yi ta lanƙwasa sannu a hankali har ya juyo sama ya shiga ido. Ido ya bi shi baya a miƙe, sai ya ajiye hoton sararin sama a kan hanya, hankali kuma ya fassara shi da ruwa. Haka nan iskar da ta lulluɓe duniya takan ɗaga hoton rana da kimanin rabin digiri a lokacin faɗuwarta, wanda ya yi daidai da faɗin ranar kanta a ido. Ke nan sa'ad da muke ganin gindinta ya taɓa ƙasa, ita kanta ta riga ta faku.

4.0 Madubai Masu Lanƙwasa

4.1 Iri Biyu

Madubi mai lanƙwasa yanki ne da aka ɗebo daga jikin ƙwallo. In cikin yankin ne yake ƙyalli, kamar cikin ƙwarya, sai mu kira shi madubi mai zurfi. In bayansa ne, kamar ƙwaryar da aka kife, madubi mai doro ke nan. Dokarsu ɗaya ce da ta shimfiɗaɗɗen madubi, watau kusurwar dawowa daidai take da kusurwar sauka. Bambancin kawai shi ne layin tsaye a kowane wuri yana bi ne ta cibiyar ƙwallon. Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya yi dogon nazari a kan waɗannan madubai a cikin Kitabul Manazir, wanda ya rubuta a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, kuma shi ne ya kafa hujjar cewa gani yana samuwa ne da hasken da yake shigowa ido daga abin da ake kallo.

Zaruruwan da suka zo a jere daga nesa, kamar na rana, madubi mai zurfi yakan tara su a wuri ɗaya da za mu kira matattara, wadda take a rabin nisan da ke tsakanin madubin da cibiyar ƙwallon. Madubi mai doro kuwa warwatsa su yake yi, sai ido ya bi su baya ya zaci daga wata matattara a bayan madubin suka fito.

4.2 Lissafi

Idan u shi ne nisan abu daga madubi, v nisan hoto, f kuma nisan matattara, to 1/u + 1/v = 1/f. A nan za mu bi ƙa'idar da take ba abin gaske alamar tarawa, abin zato kuma alamar ɗebewa.

A ɗauki madubi mai zurfi wanda nisan matattararsa santimita 10 ne. In aka ajiye kyandir a santimita 30, lissafi zai ba da v = 15. Hoton gaske ne, a juye, rabin girman kyandir ɗin, kuma za a iya tare shi da takarda. In aka matso da kyandir ɗin zuwa santimita 5, watau cikin matattara, v zai zama −10. Alamar ɗebewa tana nufin hoton zato ne a bayan madubi, a tsaye, ninki biyu na girman abin. Irin wannan ne madubin aske gemu da na likitan haƙori. Amsar tambayar cokali ma ta fito: matattarar cikin cokali ba ta wuce 'yan santimita ba, fuskar mai dubawa tana nesa da ita ƙwarai, saboda haka hoton yake juyewa.

Ga madubi mai doro f yana ɗaukar alamar ɗebewa. Da f = −10 da u = 30, v zai zama −7.5, hoton kuma kashi ɗaya cikin huɗu na girman abin. Ko ina aka ajiye abu, hoton wannan madubi na zato ne, a tsaye, ƙarami. Shi ya sa ake sanya shi a gefen mota da babur, don yana nuna fili mai faɗi. Amma da yake yana ƙanƙantar da abu, direba yakan zaci motar da ke bayansa tana da nisa alhali ta matso.

4.3 Iyakar Lissafin

Wannan lissafi yana aiki ne ga zaruruwan da suka sauka kusa da tsakiyar madubi. Waɗanda suka sauka a gefen babban madubi sukan taru kusa da madubin fiye da sauran, sai hoto ya yi dishi-dishi. Don haka ake sauya lanƙwasar fitilun mota da manyan maduban hangen taurari, ba a barinta ta zama ta ƙwallo zalla. Madubin hangen taurari na Hubble, da aka harba sama a 1990, an goge gefensa da kuskuren da bai kai kaurin gashin kai ba, amma hotunansa suka ɓaci, har sai da aka tura masu gyara a watan Disamba na 1993.

5.0 Shawara ga Malamai

Na farko, zane ya riga lissafi. Ɗalibi ya ja zaruruwan gaske da cikakken layi, waɗanda ido ya zata kuma da ɗigo-ɗigo, a darussan biyu duka, har hannunsa ya saba. Na biyu, ga kowane hoto a yi tambaya ɗaya: za a iya tare shi da takarda? Na uku, littattafai suna bin ƙa'idojin alama iri biyu, saboda haka malami ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kanta, domin gauraya su yakan juya amsa. Na huɗu, rashin ɗakin gwaji ba zai hana wannan darasi ba. Kwano da kwabo da ruwa, cokali mai ƙyalli, kyandir, farar takarda da tsohon madubin babur sun isa a nuna galibin abin da aka ambata a sama.

6.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa a karyewa haske yana sauya hanya ne don gudunsa ya sauya, a madubi kuwa don an dawo da shi, amma a duka biyun ido yana ajiye hoto a inda miƙaƙƙen layi ya nuna masa. Da wannan ƙa'ida ɗaya aka bayyana kwabon cikin kwano da zurfin rafi da kawalwalniya da madubin gefen mota. Abin da ya rage shi ne malaman kimiyya da masana harshe su zauna tare su tace kalmomin da aka kawo a nan, su gwada su a cikin aji, domin a sami waɗanda za a daidaita a kansu a littattafan makaranta.