Faifan Garmaho Mai Araha: Yadda Ake Gane Na Kirki

Duk wanda ya leƙa kantin faya-fayan garmaho a Landan ko Madrid cikin shekarun nan, ko ya duba shagunan intanet, zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Faifai ɗaya, a ce Kind of Blue na Miles Davis, sai ya gan shi iri huɗu ko biyar a akwati guda, kowanne da bangonsa da farashinsa. Ga na kamfanin Columbia da ya ɗauki kiɗan tun 1959, ga kuma na wasu kamfanoni irin su WaxTime da DOL da Not Now Music da Vinyl Passion da Jazz Images. Waɗannan na baya sun fi araha, wani lokaci rabin kuɗi, kuma sau da yawa sun fi ɗaukar ido: roba shuɗiya ko ja, ga sitika tana shelar cewa nauyinsa gram 180 ne, an sake gyara sautinsa, kaɗan aka buga. Sai mai saye ya tsaya yana wasiwasi, jabu ne wannan ko kuwa garaɓasa ce ta faɗo?

Ba jabu ba ne, aƙalla a Turai. Doka ce ta ba su dama. Kowace waƙa da ke kan faifai tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara waƙar, wanda ke ɗorewa har shekara 70 bayan mutuwarsa, akwai kuma haƙƙin ɗaukar sautin, wanda galibi yake hannun kamfani. Na biyun nan a da shekara 50 ne a ƙasashen Tarayyar Turai. Da wa'adin ya fara cin faya-fayan manyan mawaƙa, sai aka yi ta kai gwauro ana kai mari, mawaƙin Ingila Cliff Richard na cikin na gaba-gaba, har a 2011 aka amince a mayar da shi shekara 70, dokar ta fara aiki a Nuwamba 2013. To amma ba ta waiwayi abin da ya riga ya kuɓuce ba. Duk sautin da aka fitar kasuwa zuwa ƙarshen 1962 ya zama na kowa, wanda aka fitar daga 1963 kuwa yana nan a tsare har ƙarshen 2033. Shi ya sa waƙar farko ta Beatles, Love Me Do, wadda ta fito a Oktoba 1962, ta fita daga hannun kamfaninta, ta bar ƙannenta a ciki. Shi ya sa kuma kayan waɗannan kamfanoni duk suka tsaya a kan iyaka guda: Coltrane na farko-farko, Chet Baker, Nina Simone, Ray Charles, Elvis, Sinatra, duk na kafin 1963. Suna biyan kason marubucin waƙa, amma kamfanin asali da makaɗan da suka yi aikin ba su samun ko sisi.

A Amurka lissafin daban ne. Dokar da suka yi a 2018 ta tsare sautin da aka ɗauka tsakanin 1957 da farkon 1972 har zuwa Fabrairu 2067. Saboda haka faifan da yake halal a Sifen, a can ba shi da izinin kowa, ko da yake yana kutsawa kantuna.

Ga inda gizo ke saƙar. Doka ta saki sautin, amma ba ta buɗe wa kowa ma'ajiya ba. Lokacin da Miles Davis da abokansa suka shiga situdiyon Columbia na titi na 30 a New York, a Maris da Afrilu na 1959, a kan zaren tef aka ɗauki abin da suka busa. Wannan tef na asali shi ne uwa, kuma yana hannun Sony, mai Columbia a yau. Na kamfanin Blue Note suna hannun Universal, na Prestige da Riverside suna hannun Concord, na Atlantic suna hannun Warner. Babu wanda zai ɗauki dukiyarsa ya miƙa wa mai karya masa farashi a kasuwa. To daga ina mai araha yake samo nasa sautin? Hanyoyin ba su da yawa: ko ya kwafa daga faifan CD da aka sayar a kasuwa, ko daga fayil na dijital, ko ya sa allura a kan tsohon faifai mai kyau ya naɗa. Wanda ya san zamanin kaset a kasuwanninmu ya san zancen. Mai shago yakan naɗa daga kaset ɗin da shi ma naɗowa aka yi, waƙar tana nan, amma kowane naɗi da abin da yake ci.

Sai dai kada a yi wa dijital ƙazafi. Kwafin dijital ba ya zubar da komai idan an yi shi daidai, kuma yawancin sababbin faya-fayan da ake bugawa yau ta kwamfuta suka biyo. A 2022 ma asiri ya tonu cewa kamfanin Mobile Fidelity, wanda masu kunnen zinariya suke rantsuwa da shi, ya daɗe yana bi ta matakin dijital a faya-fayansa masu tsada, kuma masu yabon ba su ji ba sai da aka gaya musu. Abin tambaya shi ne wane dijital ne, kuma wa ya taɓa shi. CD ɗin da aka kwafa wataƙila na shekarun 1980 ne mai sauti siriri, wataƙila kuma na baya-bayan nan ne da aka matse shi don ya yi ƙara. A kan wannan sai wani ya zo ya ƙara nasa gyaran, ya ɗaga sautin ƙasa, ya goge shuuu ɗin tef da manhaja. Goge shuuu ɗin nan ya fi komai ɓarna, domin tare da shi ake share numfashin mai busa da amsawar ɗakin. Kalmar "an sake gyara sauti" da ke kan sitika ba ta nufin komai fiye da cewa wani ya murɗa wani abu.

Saboda haka binciken farko a bayan bango ake yin sa, tun kafin a ciro kuɗi, kuma abin da ake nema shi ne abin da aka ƙi faɗa. Kamfanin da ya yi aiki da tef na asali ba ya ɓoyewa, tallarsa ke nan. Jerin Tone Poet da Blue Note ta fara a 2019 da jerin Classic Vinyl da ya biyo baya suna faɗa ƙarara cewa Kevin Gray ne ya yanka tsagin faifan, kuma suna faɗin abin da ya yanka daga gare shi. Idan ka juya bango ba ka ga sunan injiniya ba, ba ka ga an ambaci tef ba, ba ka ga tambarin kamfanin asali ko layin da ke cewa da izininsa aka buga ba, to shirun nan amsa ce. Dubi hoton ma. Hoto da zanen bango suna da nasu haƙƙin dabam, don haka wasu sukan sauya hoton ɗungum, kamar Jazz Images da ke amfani da hotunan Jean-Pierre Leloir da William Claxton, kuma a gaskiya wasu bangayen nasu abin ratayawa ne a ɗaki. Wasu kuwa tsohon bangon suke ɗauka a na'ura su goge tambari. Za ka gane shi da rubutu mai dishi-dishi a gefuna da launi da ya yi duhu fiye da kima.

Idan faifan a buɗe yake, karkata shi ga haske ka dubi filin nan mai santsi tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. A nan mai yanka yakan bar alamarsa. Tsofaffin faya-fayan Blue Note suna ɗauke da RVG na Rudy Van Gelder, sababbi masu kyau za ka ga KPG na Kevin Gray, ko BG na Bernie Grundman, ko RKS na Ryan Smith. A mai araha galibi lambar ma'aikata kawai za ka tarar. Wannan ba hujja ce cewa aikin ya lalace ba, amma ba wanda ya sa sunansa a kai.

Sai maganar gram 180, wadda ta fi kowace cin kuɗin mutane. Ana yanka tsagin waƙa ne a kan wani faranti mai laushi, ko a kan tagulla a tsarin da ake kira DMM, daga nan a yi masa rufin ƙarfen nikel a fitar da hatimin da zai danna robar mai zafi. Duk abin da kunne zai ji an gama yanke shi tun a farantin farko. Hatimin nan ko a kan gram 120 ya sauka ko a kan 180, tsagi ɗaya zai bari, zurfi ɗaya. Faifai mai nauyi ya fi daɗin riƙewa, shi ke nan. Launi ma ado ne. Haka DMM da wasu ke bugawa da manyan haruffa: hanya ce ta yanka da aka ƙirƙiro a Jamus tun wajen 1980, tana rage matakai da kuɗi, ba ta gyara sautin da ya zo da lahani.

Abin da ya kamata ya tsorata mai saye shi ne wanda ake tallata masa a matsayin kyauta, wato ƙarin waƙoƙi. Fuska ɗaya ta faifai mai inci 12 tana ɗaukar minti 20 zuwa 22 cikin walwala. Idan aka cusa mata wata waƙar ta haura haka sosai, dole mai yanka ya matse tsagin, ya rage ƙarfin sauti, ya rage na ƙasa, domin sautin ƙasa shi ke cin fili. Sai ka ƙara murya a rediyonka, ƙarar robar ita ma ta taso. Ga kuma matsala ta biyu. Faifan yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, amma a bakin waje tsagin yana wuce allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a can ciki kuwa wajen 20 kacal. Ke nan kusa da tsakiya fili ya yi wa sauti kaɗan, shi ya sa harafin "s" na mawaƙi yake tsartuwa, busa mai tsini take karcewa. Ƙarin waƙa yana tura kiɗan cikin wannan lungun. Tsarin waƙoƙin da mai faifan ya zauna ya yi ma ya rushe.

Bayan ido sai kunne, kuma a nan abu biyu ake rarrabewa da mutane ke cakuɗawa: kyan bugu da kyan sauti. Kyan bugu aikin ma'aikata ne. Faifan ya kwanta sumul ko ya lanƙwashe? Ramin yana tsakiya daidai? Dubi hannun allura, in yana kai da komo hagu da dama kowane zagaye, ramin ya kauce, kuma za ka ji dogon sautin fiyano yana rawa. Akwai wata ƙara kamar yagewar ƙyalle a kunne ɗaya? Roba ce ba ta cika hatimi ba. A nan dole a yi adalci: da yawa daga faya-fayan nan manyan ma'aikatun Turai ne ke buga su, waɗanda ke buga na manyan kamfanoni, don haka sukan fito shiru, tsaf. Wannan ne ke sa wanda ya saya ya rantse cewa ya yi dace.

Kyan sauti kuwa sai da gwadi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kunna waƙar daga kamfanin asali ta intanet, ka daidaita ƙarar su biyun, domin wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke zaɓa, sannan ka yi ta sauyawa. Saurari farantan ƙarfen mai ganga: bayan an buga, amonsu yana dusashewa a hankali ko yana yankewa kwatsam? Saurari babbar goge mai sautin ƙasa: kana jin yatsa yana fizgar tsirkiya, ko wani gunji ne kawai? Idan sitika ta ce sitiriyo alhali an ɗauki kiɗan kafin tsakiyar shekarun 1950, yi hattara, domin sai a ƙarshen 1957 zuwa 1958 faifan sitiriyo ya shigo kasuwa, kuma akwai tsohuwar dabarar raba sauti ɗaya biyu da ƙarin amsa-kuwwa. Kind of Blue ma yana da nasa ma'aunin. Na'urar tef ɗin da aka yi amfani da ita a zaman farko tana ɗan jan ƙafa, don haka waƙoƙi uku na fuskar farko suka fito da ɗan sauri a bugun sitiriyo shekara da shekaru, sai a 1992 aka gyara. Faifan sitiriyo mai araha da ya zo da gudun da aka gyara, alama ce cewa daga bugun bayan gyaran aka kwafo shi.

Akwai fagen da wannan hukunci ba ya aiki. Kafin ƙarshen shekarun 1940 galibi ba a ɗaukar kiɗa a tef, don haka waƙoƙin zamanin faifai mai juyi 78 ba su da uwar da wani zai ɓoye. Kowa daga tsohon faifai ko farantin ƙarfe yake kwafa, sai wanda ya fi samun mai tsabta, ya fi iya zaɓen allura da saita gudu. Aikin da marigayi John R. T. Davies ya yi wa kamfanin JSP a kan kiɗan Louis Armstrong na shekarun 1920 har yau masana suna jera shi da na manyan kamfanoni, wasu ma suna fifita shi. Haka aikin Ward Marston da Mark Obert-Thorn a kamfanin Naxos. Dukansu da sautin da ya zama na kowa suka yi aiki, kuma dukansu sunansu na rubuce a bango. Akwai kuma faya-fayan da kamfanonin asali suka yi watsi da su shekara hamsin, tsohon bugunsu ya yi tsadar da sai attajiri. A nan mai araha ya yi rana.

Amma ga shahararrun faya-fayai irin su Kind of Blue da Blue Train da Time Out, bugun kamfanin asali yana nan a kasuwa, kuma sau da yawa ratar kuɗin ba ta taka kara ta karya ba. Kafin ka miƙa kuɗi, nemi lambar faifan a shafin intanet na Discogs ka ga wanda ya buga shi da abin da masu shi ke cewa. In na asali yana samuwa, ƙara ɗan abin da ya rage ka saye shi. In ba ya samuwa, sayi mai arahar, amma ka zaɓi wanda ba a cusa masa ƙarin waƙoƙi ba, kuma kada ka biya ko kwabo saboda nauyi ko launi.