Dutsen Guga: Abokin Tela Da Ke Iya Zama Maƙiyinsa

Yau hirar tamu ta teloli ce, musamman matasa masu koyon ɗinki a Bugaje da Jibiya da Magama, da 'yan uwana mata masu haɗa ƙyallaye su yi zanin gado ko bargon jarirai. Kowa hankalinsa na kan keken ɗinki, amma wallahi dutsen guga ne ke fito da aiki, shi ne kuma ke iya cinye ribar wata guda cikin daƙiƙa biyar. Ka ƙona shaddar Getzner ta mutum ana saura kwana uku Sallah, ka san sauran labarin.

To, da me za ka fara? Ni dai ina cewa kafin ka dubi dutsen, dubi wutarka. A jikin kowane dutsen lantarki akwai lamba da harafin W, ƙarfin wutar da yake ja ke nan. Busasshe, wanda ba ya fitar da tururi, yawanci 1000 zuwa 1200 ne. Mai tururi kuwa yakan kai 2000 ko fiye. Ƙaramin janareton nan da ake ɗauka da hannu ɗaya bai ma kai 1000 ba, don haka kana jona masa dutse zai yi nishi ya mutu. Haka sola: in injin inbatarka ƙarami ne, guga zai zuƙe batir kafin azahar. Shi ya sa har gobe dutsen gawayi bai yi ritaya ba, domin ba ruwansa da ko KEDCO ta kawo wuta ko ba ta kawo ba.

Ga wani abu da ya shafe mu mutanen bakin iyaka. Kayan da ke shigowa daga Maraɗi ta Ɗan Issa sau da yawa filoginsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, irin na Faransa, mu kuma soket ɗinmu mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, 220 zuwa 230, dutsen zai yi aiki. Matsalar ita ce tura tsinke a soket ko sa adafta mai arha. Dutse mai 2200 yana jan kusan amfiya 10, adaftar za ta yi zafi ta narke. Kai shi wajen mai gyara ya sa masa filogi mai ƙafa uku mai fis 13, ya haɗa wayar ƙasa. Wanda kuma ka ga an rubuta 110 ko 120 a jikinsa, na Amurka ne, bar shi a inda ka gan shi.

Sai nauyi da gindi. Tela yana son dutse mai ɗan nauyi, saboda nauyin ne ke kwantar da ɗinki, ba ƙarfin kafaɗarka ba. Shafa gindinsa ka ji ya yi santsi, hancinsa kuma ya zama mai tsini don ya shiga wuyan kaftani da tsakanin maɓallai. In na gawayi ne, duba sakatar murfin da kyau. Sakata mai lilo ita ce ke zubar da garwashi kan kayan mutane.

Ɗigon nan da ke kan maɓallin zafi fa ba ado ba ne. Ɗigo ɗaya kusan digiri 110 ne, na leshi da yadin roba. Biyu 150, na ulu da yadi mai gauraye. Uku 200, na auduga zalla kamar atamfa ta gari. Fara da kayan da ke son ƙaramin zafi, domin dutse yana saurin ɗaukar zafi amma yana jinkirin hucewa. Na gawayi ba shi da maɓalli, sai ka riƙa gwadawa a kan ƙyallen da ya rage daga yadin da kake ɗinkawa. Shadda kuma, goge ta ta bai ko ka shimfiɗa farin ƙyalle a kai. Ka tuna ƙyallinta na gargajiya daga wajen 'yan bugu yake fitowa, ba daga zafi ba.

Ku masu haɗa ƙyallaye, ku saurara nan. Akwai guga, akwai danni. Guga shi ne ka ja dutse gaba da baya. Danni shi ne ki ɗora, ki ƙirga biyar, ki ɗaga. In kika ja dutse a kan ƙananan ƙyallaye za su miƙe, kusurwoyi su ƙi haɗuwa, bargon ya fito a karkace. Duk layin da kika ɗinka, danne shi kafin ki ɗora wani. Haka ma wajen manna gam a kwala, danni ake yi, da ƙyalle a tsakani.

Kulawa ba ta da wuya. Ruwan rijiya da na burtsatse yakan bar farin dasƙari ya toshe ƙofofin tururi, wata rana ya tofo tsatsa kan farar shadda. Yi amfani da tataccen ruwa, ka juye ragowar in ka tashi aiki. In sitaci ko gam ya kama gindin, goge shi da ɗanyen tsumma mai kauri tun da sauran ɗumi, bayan ka zare filogi. Kar ka kankare da wuƙa ko soson ƙarfe. Kar ka naɗe waya a jikin dutse mai zafi. Mai gawayi kuma ya zubar da toka kullum, ya hura a waje. Garwashi a rufaffen shago yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa, ko da sanyin hunturu ne a bar ƙofa a buɗe.

Wane iri kake amfani da shi a shagonka, gawayi ko lantarki? Ku faɗa mana a ƙasa, ku tura wa wanda kuka san yana koyon ɗinki. Allah Ya sa albarka a sana'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba.