Kai Iyali Hutu a Tsibiran Ada: Abin da Za a Shirya Kafin a Shiga Kwale-kwale

Duk lokacin da hutun makaranta ya ƙarato, iyaye sukan tambaye mu wurin da za a kai yara su sha iska kwana ɗaya ko biyu, inda babu kiɗa mai kashe kunne, babu cunkoso irin na bakin tekun Labadi ranar Lahadi. Amsar da muka fi bayarwa ita ce Ada, inda kogin Volta yake shiga teku. Wurin yana da kyau, kuma bai fi ƙarfin mai ƙaramin aljihu ba idan an haɗa kai. Sai dai tafiya ce ta kan ruwa, mu kuwa yaranmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina da Ashaiman, kaɗan ne a cikinsu suka iya iyo. Mu manyan ma haka. Shi ya sa za mu fi daɗewa a kan maganar ruwa fiye da maganar masauki.

Daga Ankara zuwa Ada Foah kilomita ɗari ne da 'yan kai. Ana bin hanyar Tema, a miƙe titin Aflao, a karya dama a Kasseh, a wuce Big Ada, sannan a isa Ada Foah. Idan hanya ta yi kyau awa biyu zuwa biyu da rabi sun isa, amma wanda ya san go-sulo na Tema ya san kada ya rantse a kan wannan lissafi. Mai shiga trotro zai samu mota a Tudu ko a Ashaiman, idan ma ba ta kai Ada Foah ba za ta sauke shi a Kasseh ya sake wata. Gidan da ya kai mutum goma, ko gida biyu da suka haɗu, gara su ɗauki shatar mota guda, su yi magana da direba a kan ranar dawowa tun daga gida.

A Ada Foah mota take tsayawa. Daga nan sai ruwa. Cikin bakin kogin akwai ƙananan tsibirai da yawa, irin su Pediatorkope da Aflive da Azizakpe, garuruwa ne na masunta masu jin yaren Dangme, ga kwakwa ko'ina. Akwai kuma wani dogon zirin yashi da ya raba kogi da teku, kogi a hannu ɗaya teku a ɗaya, inda ake da bukkokin kwana na haya. Shi ma da kwale-kwale aka fi zuwa. Shirun da ake yabon waɗannan wurare da shi ya samo asali ne daga rashin titi da rashin kasuwa. Abin da ya kore hayaniya shi ne ya kore kantin magani da tasi. Duk abin da aka manta a gida, sai an sake tsallaka ruwa kafin a same shi.

Maganar kwale-kwale ita ce babba. Ba mu manta da watan Mayun 2023 ba, lokacin da yara 'yan makaranta tara suka rasu a Faana, kusa da Bortianor, da kwale-kwalensu ya kife a kan hanyar komawa gida. Ba doguwar tafiya ba ce, tsallake ne na kullum. Saboda haka kafin a yi cinikin kuɗi, a fara da tambayar rigar kariya, wadda take hana mutum nutsewa. Kowa da tasa, a jiki, a ɗaure, ba a jibge a ƙarƙashin benci ba. Rigar babba ba ta yi wa yaro ɗan shekara biyar amfani, domin da ya faɗa ruwa za ta zame ta kansa ta bar shi. Idan mai jirgi ba shi da ta yara, a nemi wani. Idan kuwa gida ne mai yawan ƙananan yara, sayen biyu ko uku a Ankara ba asara ba ce, ana iya ba maƙwabta aro a wata shekarar. Kada kuma a ji kunyar ƙin shiga jirgin da ya cika. Mai jirgi zai ce ya saba, gaskiya ne ya saba, amma shi ya iya ruwa.

A yi ciniki a kan zuwa da dawowa tare, a biya rabi, sauran rabin sai an dawo gaɓa. A karɓi lambar wayarsa, a kira a gabansa a ga ta shiga. A kuma gaya masa sarai cewa ba a son ya kusanci daidai inda kogi yake karo da teku. Samari suna son wurin saboda hoto, amma nan ne ruwa ya fi hauka, musamman lokacin da teku yake janyewa, kogi yana turowa waje igiyar ruwa tana turowa ciki. Wani abu kuma: masu yawo da baƙi sukan tsaya a tsibirin da ake dafa giyar rake, domin Turawa suna son gani. In ba a so, a faɗa tun kafin a tashi, ba sai an sauke Hajiya da jikoki a gaban tukunya ba.

To, an isa. Yara za su ruga wajen ruwa, wannan ba makawa. Ɓangaren teku ba wurin wanka ba ne ga wanda bai ƙware ba. Gaɓar tana da gangara, ruwan yana da ja, yakan ɗebe yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum yana tsaye. Wanda yake son ya san ƙarfin tekun Ada ya tambayi labarin ganuwar Kongenstein da mutanen Denmak suka gina a 1783: teku ya cinye kusan dukkanta, kamar yadda ya ci gidajen mutane da yawa a wannan gaɓa, har sai da gwamnati ta jibge duwatsu don tare shi. Ɓangaren kogi ya fi kwanciya, shi ya sa iyaye suke sakin jiki da shi, amma yana da nasa. Ƙasa takan yi zurfi farat ɗaya, kuma idan ruwa yana janyewa akwai ja a ƙarƙashi wanda ido ba ya gani.

Ga kuma tsargiya. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 gudun kogin ya ragu, ciyawar ruwa ta yawaita, ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar suka samu wurin zama a ƙasan Volta. Ruwan gishiri yana kashe su, don haka kusa da bakin teku haɗarin ya fi sauƙi, amma can ciki inda ruwa yake kwance cikin ciyawa ba wurin shiga ba ne. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba, kuma alama ba ta fitowa sai bayan makonni. Yaron da ya fara fitsari da jini bayan an dawo, a kai shi asibiti a gaya musu ya shiga ruwan Volta. Maganinta praziquantel, yana aiki sosai. Mu dai shawararmu ita ce yara su yi wasa a yashi da bakin ruwa iya idon sawu, a naɗa babba guda wanda ba shi da aiki sai kallonsu, wayarsa a aljihu, a riƙa canjawa. In an ce kowa yana kallo, to babu mai kallo.

Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. Damina babba daga Afrilu zuwa Yuli take, da iska da hadari, ba lokacin ɗora yara a kwale-kwale ba ne. Makon farko na Agusta mutanen Ada suke bikin Asafotufiami, gari yakan cika maƙil, ana harba bindigogin gargajiya, masauki ya yi tsada. Biki ne mai kyan kallo, amma mai neman shiru ya jira ya wuce. Kirsimeti da Ista kuma na masu casu ne. Tsakiyar mako ya fi ƙarshen mako a kowane wata. Wanda ya je tsakanin Nuwamba da Fabrairu yana iya dacewa da kunkurun teku, waɗanda suke fitowa da dare su haƙa yashi su saka ƙwai. Ma'aikatan kula da namun daji a Ada Foah suna raka baƙi kallonsu. Doka ta hana kama su ko ɗibar ƙwansu, kuma ba a haska musu fitila mai ƙarfi. Idan an ji sanarwar za a buɗe ƙofofin Akosombo, kamar yadda aka yi a Satumba da Oktoban 2023 har ruwa ya mamaye Mepe da garuruwan ƙasa, a ɗage tafiyar kawai.

Abinci ba shi da wahala in an yi dabara. Kada a sa ran samun mahauci a tsibiri. Kifi dai ga shi nan sabo, karfasa da banku, ga jatan lande, ga adodi, kumbar kogin nan da ake soyawa a tsira a tsinke ana sayarwa a bakin hanya. Daga gida a taho da shito da gari da soyayyen nama da burodi, da waken da aka dafa da asuba don cin rana ta farko. Kasseh kasuwa ce babba, Talata da Juma'a take ci, nan za a sayi kankana da tumatir na ƙasar Ada da jakunkunan ruwan leda. Ruwan sha a ɗauka fiye da yadda ake zato. A haɗa da gidan sauro, da tocila, da batirin cajin waya, da buta da tabarma, da maganin zazzaɓin yara da gishirin gudawa, da katin inshorar lafiya na kowa. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya sa nasa a jakar hannu cikin leda. Kuɗi a riƙe tsaba ban da na momo, saboda sabis yakan ɗauke. Lambar gaggawa 112 ce, amma motar asibiti ba ta tsallaka kogi, don haka a tambayi mai masauki tun da rana wa yake da jirgin da zai iya tashi da dare.

An tambaye mu batun ƙasaru. A mazhabarmu ta Malikiyya nisan da ake ƙasaru kimanin kilomita tamanin ne, ga wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Mai tashi daga Nima ya wuce wannan nisa. Mai tashi daga Ashaiman yana kusa da iyaka, sai ya tambayi malaminsa kafin ya fita.

Ranar dawowa, a bar tsibiri da an yi la'asar. A nan ƙasar rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, duhu kuma ba ya jira, yawancin kwale-kwalen nan ba su da fitila, ga tarun masunta a shimfiɗe cikin ruwa. A ƙirga yara da suna kafin a shiga jirgi, a sake ƙirgawa a gaɓar Ada Foah kafin a biya mai jirgi sauran kuɗinsa.